Babban Yatsan Inna Hasana

Mahaifiyata maginiyar tukwane ce. A Zango, in ka ce Hasana mai randa, ko yaron da bai iya ɗaura wando ba zai nuna maka gidanmu. Ni Siddiƙa nake, 'yarta ta tsakiya. Dabo ne babba, Yazid ne auta. Ina gaya muku tun yanzu, labarin nan ba na ba da shi raina a kwance, don duk ranar da na tuno shi sai na ji kamar in tofar da yawu.

Inna ta koyi gini a hannun gwaggonta tana 'yar shekara tara. Da shi ta yi aure, da shi ta riƙe mu bayan rasuwar Babanmu. Roba ta zo, tukunyar ƙarfe ta zo, maginan unguwarmu suka watse ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ko gezau. Cewa take yi duk wanda ya sha ruwan randa a watan zafi zai dawo da ƙafarsa, kuma suna dawowa. Ba na jin na taɓa ganin farcenta babu yumɓu. Babban yatsanta na dama ya baje ya yi faɗi saboda shafar bakin tulu. In ta gama aikin yini, ragowar yumɓun ba ta zubarwa. Sai ta murza shi ta yi wa yaran unguwa 'yan shanu da raƙuma da 'yan tsana, ta jera su a gindin katanga su sha rana tare da tukwane.

Ga ta da tsokana. Kai, Inna! Ba ta yarda a lallashi yaro a kan tsoro ba. Maganinta ɗaya ne: ta mai da abin tsoron abin dariya. Ina ƙarama ina tsoron tsaka, sai ta riƙa mannewa a jikin bango tana lumshe ido tana kaɗa kai, har sai da na yi dariyar da ta sa ni shaƙuwa. Yazid yana tsoron wanzami, ta ɗauki ludayi ta yi wa kowa a gidan aski da shi. Kuma abin yana ci, ban taɓa ganin ya ƙi ba sai sau ɗaya.

Fadila 'yar Yazid ce. An kawo ta yaye wurin Inna tana shekara biyu, kamar yadda ake yi, da niyyar ta yi wata ɗaya a mayar da ita Daura wurin iyayenta. Wata ɗaya ya zama shekara huɗu. A bayan Inna take barci, a kwanon Inna take ci, kuma ba ta yarda kowa ya ba ta loma sai Inna. Ƙawata suke ce wa juna. Fadila ta ce, "Ƙawata, haƙoranki nawa suka rage?" Inna ta ce, "Sun fi naki, mai wawulo." Haka suke yini suna musayar baƙar magana, yarinya na murza nata ɗan yumɓun a gefe.

Madina matar Yazid ta so a dawo mata da 'yarta ta shiga makaranta, kuma ban ga laifinta ba. Amma Yazid ya kasa kallon idon Inna ya faɗa. Daga ƙarshe a gabana ya yanke magana, ya ce, "Inna, a sa ta makarantar nan Zango. Ranar da ta ce da bakinta tana son tafiya, ranar zan ɗauke ta. In ba ta ce ba, taki ce." Inna ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce to ya je ya sayi kujera ya zauna jira.

Sai mu zo kan Yaya Dabo. Shi fatauci yake yi ta Kongolam, bakin iyakar Nijar, yana shigo da atamfa da 'yan kayan lantarki. Tun da aka ƙaddamar da shari'a ya naɗa kansa mai tace abin kallo na gidanmu. Kaset-kaset ɗinsa na Indiya da kansa ya farfasa su a tsakar gida. Bai hana kallo ba, amma duk faifan da zai shiga gidan sai ya bi ta hannunsa. Yadda yake tacewar ne abin haushi. Zai zauna shi kaɗai, ya kashe sauti, ya danna rimot hoto ya riƙa gudu, idonsa na neman abu uku kawai: tsiraici, rawa, kwalbar giya. In bai ga ko ɗaya ba, cikin minti biyar ya gama, ya sa biro ya yi wa kwalin alama. Har alfahari yake yi wai shi idonsa ba ya kuskure. Katun kuwa, a wurinsa duk na yara ne, ai zane ne da 'yan tsana.

A shekarar da Fadila ta cika shida, Rahama matar Dabo ta haihu, aka sa suna. Kun san yadda gidan suna yake da yamma: mata cike, tukwane a kan wuta, yara na shiga ƙafafun mutane kamar kaji. Dabo ya ce ya kawo maganinsu. Ya tayar da ɗan janareta, ya kwashe yara wajen ashirin ya zuba a ɗakinsa na zaure, ya sa musu wani sabon faifai da ya sayo a Kongolam, ya ja ƙofa ya tafi wurin abokansa. Mu kuwa har godiya muka yi masa.

Can na je ɗauko faranti a ɗakin. Tun daga bakin ƙofa na ji wani abu ba daidai ba. Yara ashirin a ɗaki ɗaya, babu mai tari. Na tura ƙofa na shiga, na kalli talabijin.

Wallahi ban taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba. Ba zane ba ne. Mutanen laka ne, an gina su da hannu, ana motsa su. Daga baya aka yi mini bayani wai Turawa ne ke gina su, su ɗan gusa hannu su ɗauki hoto, su ƙara gusawa su ƙara ɗauka, har abin ya zama tafiya. Shi ya sa tafiyar take fizge-fizge, kai ya juyo ƙyat, ya tsaya, ya ƙara juyowa. Fatar fuskarsu kuma ba ta zama wuri ɗaya, sawun yatsun maginin yana yawo a kanta kamar akwai tsutsa a ƙarƙashi. Wata tsohuwa ce a ciki, doguwa, wuya kamar muciya, hannuwanta jage-jage da laka. Ta kamo wani yaro, ta ɗora shi a cinya, tana yi masa 'yar waƙa da Faransanci. Sai ta ɗaga babban yatsa, ta ɗora a leɓensa, ta shafe bakin. Ta shafe shi sumul, kamar yadda ake shafe tsaga a jikin tulu. Ta ɗauke shi ta kai gindin katanga ta jera cikin 'yan uwansa su bushe. Ga su nan reras, babu baki, idanu kawai ke motsi.

Na ce, "A'uzubillahi! Wane la'anannen ne ya zauna ya ƙera wannan?" Na fizge waya daga bango. Sai a lokacin ƙananan suka fashe da kuka, manyan kuma suka fara dariyar borin kunya. Fadila ba ta yi kuka ba. Tana zaune a gaba, hannu biyu a kan bakinta, ta jiƙe zanenta na suna.

Na samu Dabo a ƙofar gida cikin mutane, na kira shi gefe, don ban iya jira ba.

Na ce, "Yaya, ka kalli abin da ka sa wa yaran nan?"

Ya ce, "Na tace shi da kaina. Akwai tsiraici?"

"Babu."

"Akwai rawa? Akwai giya?"

"Yaya, ana shafe wa yara baki!"

Ya yi tsaki. Ya ce, "Laka ce fa, Siddiƙa. A jikin kwalin ma an rubuta na yara ne. Ke ce kika ɓata abin da kika kashe a tsakiya. Irin waɗannan a ƙarshe ai ana cin galabar mugun."

Na dube shi. Mutum da gemunsa, wai na yara ne don an rubuta. Tir!

Yanzu ga nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da Inna ta ga an canza wa Fadila zane, ta tambaye ni me ya faru. Ƙyanƙyamin abin ya hana ni bayyana mata. Ban so in maimaita shi da bakina. Na ce, "Wani shirme ne Yaya ya sa musu, wata tsohuwar laka." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Da na buɗe baki na ce mata tsohuwar nan da babban yatsa take aiki, a gindin katanga take shanya, da Inna ta gane da kanta. Ban faɗa ba.

Washegari da hantsi, baƙi ba su gama watsewa ba, Inna ta zauna kwaɓa yumɓu. Fadila ta ƙi zuwa kusa, ta maƙale a jikin ƙofar ɗaki. Manyan yaran da suka kwana, su da tsoronsu ya riga ya zama wasa, suka kewaye Inna suna ba ta labari, kowa na kwaikwayon tafiyar. Inna tana ta dariya. Ta ce, "Au, wannan ce ta hana ƙawata cin tuwo jiya? Ku bar ni da ita."

Ta miƙe, hannuwa jage-jage har gwiwar hannu. Ta sanƙarar da wuya. Ta juyo da kai ƙyat, ta tsaya, ta ƙara juyowa. Inna fa ba ta ga fim ɗin ba, amma ta iya kwaikwayo, Allah ya ba ta. Matan tsakar gida suka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Wannan dariyar tawa ita ce abin da na fi ƙyama a duk labarin. Ta taka fizge-fizge har bakin ƙofa, ta durƙusa, ta ce, "Ƙawata, bakin nan naki ya cika surutu, kawo in gyara shi." Ta ɗora babban yatsanta mai sanyin yumɓu a leɓen yarinya.

Ihun da Fadila ta yi, har maƙwabta sai da suka leƙo ta katanga. Ta faɗi tana shure-shure, tana goge bakinta da ƙasa, tana taɓawa ta ji ko yana nan. Inna ta kai hannu za ta ɗauke ta, ta ƙara ƙwalla ƙara. Inna ta tsaya da hannuwa a sama, tana waige-waige tana kallonmu, tana cewa, "Wasa ne fa. Ƙawata, ni ce. Wasa nake yi." Madina, da ta zo suna ta kwana, ita ce ta zo ta ɗauke 'yarta.

Kwana uku aka yi ana fama. An yi tofi, an yi rubutu ta sha, wata ma ta ce iska ce a nemo mai ruƙiyya. Wace iska? Iskar da aka sayo a Kongolam cikin kwali! Yarinya ba ta bi ta gindin katanga, don 'yan tsanan Inna na jere a wurin. Inna ta kwashe su duka ta zuba a kwandon shara. Ta wanke hannu da sabulu har sau uku ta kawo tuwo, Fadila ta datse haƙora ta juya wa bango fuska. A hannun Madina ta ci. A rana ta uku Yazid ya zo daga Daura a kan babur. Bai ma gama kafe shi ba ta ruga ta riƙe ƙafarsa, ta ce, "Baba, ka tafi da ni gida."

Yazid ya kalli Inna. Wallahi ya so ya yi kamar bai ji ba. Inna ce ta ce, "Ta faɗa da bakinta. Alkawari ne." Ta shiga ɗaki ta ƙulle kayan yarinyar a ɗankwali, ta miƙa wa Madina daga nesa. Ba ta raka su ƙofar gida ba, don kada yarinya ta firgita wajen hawa babur.

Bayan sati guda Inna ta aika a kira Dabo. Ɗan fari ne, ba ta faɗar sunansa. Ta ce, "Kai, ɗauko mini abin nan in gani. Kuma kada ka sa shi a guje. Yadda yaran suka gan shi, haka zan gan shi." Ya fara 'yan kame-kame wai man janareta, ta yi masa kallo ɗaya ya tashi.

Na zauna tare da ita, rabin lokacin fuskata a cikin mayafi. Ita kuwa ko ƙiftawa. Ta matsa dab da talabijin tana kallo irin na mai sana'a. Da aka zo wurin shafe baki, sai na ga ta dubi babban yatsanta, ta mai da hannun ƙarƙashin zane. An kai ƙarshe, kuma gaskiyar Dabo, an ci galabar tsohuwar, ruwan sama ya narkar da ita, yara suka samu bakinsu. Dabo ya ce, "Kin gani ko, Inna? Ai ga shi an gyara."

Inna ta ce, "An gyara. Awa guda ana cire wa yara baki, a mayar da shi kafin a sha ruwa a ajiye moɗa." Can ta ce, "Wanda ya gina wannan ya iya. Dubi wuyan, dubi yatsun. Ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. Kuma wannan ba aikin yini ɗaya ba ne, ya yi wata da watanni a kai. Kullum ya tashi da safe, ya karya, ya zauna yana gyara yatsan da zai tsorata ɗan wani. Shekara hamsin ina taɓa yumɓu, ban taɓa sanin ana iya yin wannan da shi ba. Allah wadaran gwanintar." Ta tofar da yawu a gefe, abin da ban taɓa ganin ta yi a cikin ɗaki ba.

Ta juya kan Dabo ta ce, "Kai kuma da kake tacewa, me kake nema?" Ya lissafa mata abubuwansa uku. Ta ce, "To ka ƙara na huɗu. Ka riƙa kallon fuskar yaran." Ya ce to. Har yau a guje yake tace faifansa, sai dai yanzu a waya.

Daga ranar Inna ba ta sake gina 'yar tsana ba. Randa da tulu ta ci gaba da yi, don da su ake ci. Yaran unguwa suka yi ta zarya suna tambayar raƙumansu, tana cewa yumɓu ya yi tsada, alhali daga bakin fadama ake ɗebo shi.

Da Babbar Sallah aka ce za a kawo Fadila yini. Kwana biyu kafin nan Inna ta ajiye aiki. Ta sa aka kwashe tukwane kaf aka kai bayan gida aka rufe da buhuna. Ta zauna da tsinke tana ƙwaƙule farce ɗaya bayan ɗaya, ta jiƙa hannu a ruwan ɗumi, ta sa na ƙunsa mata lalle har wuyan hannu don ya rufe abin da ya ƙi fita. Tsohuwa mai shekara sittin da ɗoriya, da lalle kamar amarya. Ta dafa dambun da yarinyar ke so. Tun safe take tanadin baƙar maganar da za ta tarbe ta da ita, tana gwadawa a kaina.

Suka iso. Fadila ta yi tsawo, an yi mata kitso. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa, idonta a kan tabarma.

Inna ta ce, "Wa nake gani kamar mai wawulo? Ƙawata, haƙoran sun fito?"

Fadila ta ce, "Ina wuni, Kaka. An yi Sallah lafiya?"

Madina har tana jin daɗi, tana cewa ai makaranta ta koya mata ladabi. Inna ta amsa, "Lafiya lau. Allah ya yi albarka." Ta tura mata kwanon dambu da gefen hannu, ta mai da hannuwan cikin zane. Da suka tafi ta ce mini, "Siddiƙa, kin ji yadda ta gaishe ni? Kamar matar liman."

Haka suka ci gaba, gaisuwa da amsawa, Sallah zuwa Sallah, shekara tara, har Allah ya karɓi Inna. Fadila ba ta taɓa yi mata rashin kunya ba, ko sau ɗaya. Na so a ce ta yi.

Bara Fadila ta zo mini yini a nan Daura, ta zama budurwa, tana karatun jinya. Muna tsince shinkafa na kawo zancen fim ɗin, ina so in ji ko har yanzu yana damunta. Ta ɗaga kai tana murmushi. Ta ce, "Wane fim, Goggo? Ni fa ban tuna ba."

Na ce, "Zamanki a Zango fa? Wurin Inna?"

Ta ɗan yi tunani, tana juya shinkafa a faranti. Ta ce, "Kaɗan-kaɗan. Allah ya jiƙanta. Ni dai kin san ba mu saba da Kaka ba."